Wa Ya Ƙirƙiro Sharaɗin Bayan Tikiti?

A 2020, shekarar korona, aka soke jirgin da zan bi daga Kano zuwa Legas. Na nemi kuɗina, sai aka turo mini wata lambar tikiti ta waya, wai in yi tafiya da ita kafin shekara ta zagayo. Ba a sauya suna, ba a ba wani, in farashi ya tashi ni zan cika. Yarinyar da ke kanta ta ce, "Baba, yi haƙuri, haka tsarin yake." Kuɗin gumina ne, kuma wa'adin ya cika ban hau ba. Abin ya tsaya mini a rai har na shiga neman inda tsarin ya samo asali.

A Amurka ya bunƙasa. Kafin 1978 wata hukumar gwamnati ce ke yanke kuɗin jirgi a can, kamfanoni sai dai su yi gasa da abinci da fara'a. Matsalarsu ɗaya ce: kujerar da jirgi ya tashi babu kowa a kanta ta tafi ke nan, ba kamar buhun gero ba da za a mayar rumbu. A 1977 American Airlines ya fito da tikiti mai rahusa tsakanin New York da Kalifoniya, amma sai ka saya kwana 30 kafin tafiya, kuma ka yi aƙalla mako guda kafin ka dawo. Ɗan kasuwar da ofishinsa ke biya masa ba zai iya wannan jira ba, dole ya biya cikakke. Mai zuwa ziyarar dangi shi zai iya. Ashe sharaɗin rariya ce ta tace fasinja. Da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan doka aka sake wa kamfanoni mara a 1978, rariyar ta ƙara ƙanƙancewa: sai ka kwana daren Asabar, in ka fasa ba a mayar da kuɗi. Da irin wannan makami aka yaƙi kamfanin jirgi mai arha People Express a 1985, ya kuwa rushe cikin shekara biyu.

Amma inda abin ya fi ƙona mini rai shi ne Ingila, 1992. Kamfanin Hoover, mai injin zuƙe ƙura da na wanki, kaya sun yi masa kwantai. Ya yi shela cewa duk wanda ya sayi kayan fam 100 zai samu tikiti biyu kyauta, da fari zuwa Turai, daga baya har Amurka. Tikitin ya ninka kuɗin injin sau da yawa. Lissafinsu shi ne mutane za su gaji: cike wannan takarda, jira waccan, zaɓi rana a ce babu, sake zaɓa. Mutane ba su gaji ba. Suka kafa ƙungiya, suka yi ta kai ƙara kotu. Wani mutum a yankin Cumbria da bai samu tikitinsa ba, da mai gyara ya zo duba masa injin wanki, ya gindaya babbar motarsa ya tare motar kamfanin, ya hana ta fita kwana da kwanaki. Na fahimci zuciyar mutumin nan sarai.

An sallami manyan jami'ai uku a 1993. Mutum sama da 200,000 suka samu tashi, asarar ta kai kusan fam miliyan 50, kuma a 1995 aka sayar da reshen Hoover na Turai ga kamfanin Candy na Italiya.