Gulbi da Kafuwar Maraɗi

Maraɗi gari ne a bakin gulbi da 'yan gudun hijira suka mayar da shi mazaunin sarautarsu. Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta na Haɓe suka bar birnin suka nufi arewa. Sarki Magajin Halidu ya rasu a Ɗankama, ragowar jama'arsa kuwa suka naɗa Ɗan Kasawa, suka yi shekaru suna zaman baƙunta a ƙasar Damagaram.

Abin da ya ba su wurin zama shi ne kwarin Gulbin Maraɗi. Gulbin yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa kudancin Nijar, sannan ya koma Nijeriya ya haɗu da Rima. Ruwansa na damina ne, amma in ya janye yakan bar fadama mai albarka, ga kurmi mai duhu da ke hana dawakin abokan gaba sakewa. Manoman kwarin, waɗanda ake kira Azna, sun gaji da mulkin wakilan Fulani, suka yi tawaye, suka gayyato Ɗan Kasawa. Wajen 1819 ya sauka a Maraɗi. Baƙin suka zo da sarauta da mahaya, 'yan ƙasa kuwa suna da gona da hatsi da sanin daji. Wannan ƙawance ne ya sa garin ya tsaya shekaru da dama yana ja da Sakkwato.

Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Maraɗi Rauda da Sarkin Gobir Ali, Gobirawa suka bi wannan sawu. Mayaƙi ya kafa Tibiri a cikin kwarin, 'yar tafiya kaɗan daga Maraɗi. Har yau sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, na Tibiri kuma Sarkin Gobir, don ba su yarda an raba su da gadon kakanninsu ba.

Gulbin da ya ba da mafaka shi ya tashi garin. Ambaliyar 1945 ta rushe tsohuwar Maraɗi, gwamnatin Faransa ta mayar da mutane kan tudu, inda aka shata sabon gari mai miƙaƙƙun tituna, cinikin gyaɗa ya bunƙasa shi. Kwarin ya koma hannun manoma, kuma a Jiratawa noman rani na ci gaba a fadamar da ta ciyar da mutanen Ɗan Kasawa.