Hatimin Malam Katsinawi da asalin algoridim

Daga nan Zurmi nake magana, kuma yau tarihi za mu taɓa.

Matasanmu da yawa in sun ji kalmar algoridim, sai su ɗauka wani sirri ne da Facebook ta ɓoye a waya. Alhali kalmar daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ta fito, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Ma'anarta: jerin matakai tsararru da za su kai ka ga amsa, ko kai waye. Malamin da ke rabon gado ma matakai yake bi.

To, mu ma muna da namu. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, wato Bakatsine, ya bar gida ya tafi aikin Hajji. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimin lambobi mai gidaje mara, irin uku sau uku da biyar sau biyar. Ya rasu a Alƙahira a 1741.

Ku ɗauki takarda mu gwada wata sananniyar hanya. Zana gida tara, uku sau uku. Sa 1 a tsakiyar layin sama. Kowace lamba ta gaba, hau sama ka matsa dama. In ka faɗa waje, shigo ta ɗaya gefen. In gidan da mai shi, sauka ƙasan lambar da ka rubuta yanzu. Za ka samu 8, 1, 6, sai 3, 5, 7, sai 4, 9, 2. Ta ko'ina ka haɗa, 15 ne.

Ga inda nazari ya shigo. Mai cankar lambobi yana da jeri 362,880 a gabansa. Mai bin ƙa'ida taku tara kawai zai yi, a hatimin biyar kuma taku 25. Tambayoyi biyu ake yi wa kowane algoridim: shin amsarsa daidai ce kullum? In aikin ya ƙaru, taku nawa zai ci?

Mun tuna 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara. Ilimin nan bai jiran sabis. Yaron Shinkafi ko Ƙaura Namoda da ke da allo da tawada zai iya farawa yau, kwamfuta ta same shi a hanya.

Ku gwada hatimin biyar, ku turo mana amsa. Kowane layi 65 zai ba ku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.