Sankarar bakin mahaifa: abin da bincike ya tabbatar, da inda gizo ke saƙa a Kano

A cikin birnin Kano, idan mace ta ga jini ba a lokacin al'adarta ba, sau da yawa tambayar da za ta fara yi ta fiƙihu ce: shin jinin haila ne ko na istihala, za ta yi salla ko a'a? Tambayar tana kan hanya, amma akwai ta biyu da ake bari har sai ciwo ya ci jiki. Zubar jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan mace ta daina haila, da fitar ruwa mai wari, suna cikin alamomin sankarar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu da ita a Najeriya, kimanin 8,000 kuma suka rasu.

Kusan duk wannan ciwo daga ƙwayar cutar HPV yake samo asali, kuma nau'i biyu, 16 da 18, su ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, amma ta yaɗu ta yadda matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta za ta iya samunta, don haka ba shaidar lalata ba ce. Yawanci jiki kan kawar da ita da kansa. Idan ta zauna, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗe sankara. Ɗaukar ciki da ƙananan shekaru, yawan haihuwa da shan taba suna ƙara haɗarin, mace mai cuta mai karya garkuwar jiki kuwa haɗarinta ya ninka sau shida.

A fannin rigakafi ne bincike ya fi ba da amsa ƙarara. Mujallar The Lancet ta wallafa a 2021 cewa a Ingila ciwon ya ragu da kashi 87 cikin 100 a tsakanin matan da aka ba damar yin allurar suna da shekara 12 zuwa 13. Wanda ya fi shafar mu shi ne gwajin da aka yi a Kenya, wanda sakamakonsa ya fito a 2022: allura ɗaya tak ta kare 'yan mata daga zaman nau'i 16 da 18 a jiki da kashi 97.5 cikin 100. Allura ɗaya Najeriya ta zaɓa lokacin da ta shigar da rigakafin cikin jadawalinta ranar 24 ga Oktoba, 2023, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Kano na cikin rukunin farko.

Sai dai Kano ba ta karɓar sabuwar allura da ido rufe, kuma tana da dalilinta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na birnin. Yara kusan 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. A 2003 kuma jihar ta dakatar da rigakafin shan inna bisa jita-jitar hana haihuwa, har zuwa 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bambancin shi ne Trovan gwaji ne, rigakafin HPV kuwa tun 2006 ake amfani da shi, an yi wa miliyoyin yara, ba a kuma sami shaidar cewa yana hana haihuwa ba. Wannan bayani haƙƙin uba ne a yi masa shi a ƙofar gidansa, da bakin mai unguwa ko limamin da ya yarda da shi, tun kafin ma'aikata su shiga soro da akwatin allura.

Rigakafin ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu. Ga iyaye da yayye, mafita ita ce awo. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita gwajin neman ƙwayar HPV, daga shekara 30, duk bayan shekara 5 zuwa 10, kuma mace na iya ɗaukar samfurin da hannunta, abin da zai rage kunyar da ke hana da yawa zuwa. Inda babu shi, ana shafa ruwan khal a bakin mahaifa. Gurbin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, a ƙone shi nan take. Hukumar na son a auna kashi 70 cikin 100 na mata nan da 2030. Kowace rana mata na cika Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata domin awon ciki da haihuwa, don haka tambayar da ya kamata a riƙa yi wa ma'aikatar lafiya ta jiha ita ce nawa daga cikinsu aka yi wa wannan awon bara.

Ko ga waɗanda ciwon ya yi nisa akwai sabon labari. Gwajin INTERLACE, da aka yi kan mata 500 a Birtaniya, Meziko, Indiya, Italiya da Brazil, ya nuna a 2024 cewa ba da maganin sankara ta jijiya na mako shida kafin a fara gashi ya rage haɗarin mutuwa da kashi 40 cikin 100. Magungunan biyu, carboplatin da paclitaxel, tsofaffi ne masu rangwame. Amma dole gashin ya biyo baya ba tare da jinkiri ba, kuma shekaru da dama mara lafiya daga Kano kan kama hanyar Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, neman na'urar da ke aiki. Asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya ya ƙunshi ta bakin mahaifa, da ta mama, da ta mafitsarar maza, amma da asibitoci shida ya fara a duk ƙasar, kuma na Zariya ne kaɗai a Arewa maso Yamma.