Damagaram: Bi Ruwa Ka Tarar Da Tarihi

Da yawa daga cikin mutanen Kano da Katsina da Jigawa a baka kawai suka san Damagaram, ko dai a labarin yaƙi, ko a bakin dillalan dabbobi. Alhali tsakanin Kano da birnin Zinder kimanin kilomita 240 ne, kusan tafiyar Kano zuwa Kaduna. Jiha ce ta manoma da makiyaya a Jamhuriyar Nijar, babu teku, babu babban kogi. Wanda zai je yawon buɗe ido can, ya riƙe abu ɗaya a ransa, wato ruwa. Inda ruwa yake nan gari ya zauna, nan fatake suka yada zango, kuma a kansa Turawa suka ja iyaka.

An kafa masarautar Damagaram a ƙarni na 18 ƙarƙashin inuwar Barno, tana kai gaisuwa can. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da fadarsa Zinder, a tsakanin manyan duwatsu. Ɗansa Tanimu, wanda ya yi dogon mulkinsa daga 1851 zuwa 1884, shi ya ɗaukaka ƙasar. Ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, har ya sa maƙera suka ƙera masa igwa a gida. Ƙarfin nan daga hanya ya fito. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya ratsa Agadas da Damargu, sai ya sauke kaya a Zinder kafin ya kama hanyar Kano, domin bayan sahara raƙumi da mai shi duk rijiya suke nema. Unguwar Zango da ke wajen ganuwa masaukin waɗannan fatake ce, Buzaye da sauran baƙi.

Kada a ɓoye ɗaya gefen labarin. Cikin hajar da ke bin wannan hanya har da bayi. Baturen Ingila James Richardson, da ya sauka Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda ake kai hari ƙauyuka a kamo mutane. Duk mai tsayawa yana sha'awar ƙofar fada ya tuna da talakan karkara da aka gina wannan daula a kan guminsa, wani lokaci ma a kan 'yancinsa.

Sarki Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi har Gezawa a zamanin Sarkin Kano Alu. A zamaninsa ne kuma, cikin watan Mayu na 1898, aka kashe hafsan Faransa Kyaftin Kazmaju a Zinder. Shekara na zagayowa Faransawa suka dawo da ƙarfi. Aka gwabza a Tirmini, yamma da birnin, a ƙarshen Yulin 1899, suka shiga gari, ba a jima ba suka kashe Kuran Daga.

To, a nan ne rijiya ta shiga siyasar Turai. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar wa Ingila duk ƙasar da ke cikin mil 100 kewaye da Sakkwato, saboda haka Bafaranshen da zai taso daga Kogin Kwara zuwa Zinder sai ya yi zagaye ta dajin da babu ruwa. Suka yi ta ƙorafi har aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo iyakar kudu domin su sami hanya mai rijiyoyi. Iyakar da matafiyi ke nuna takarda a kanta yau, wadda ta raba dangi gida biyu, asalinta ke nan. A 1911 Zinder ta zama hedikwatar mulkin Faransa a ƙasar, amma a 1926 aka ɗauke ta zuwa Yamai, bakin kogi. Ƙarancin ruwa na cikin manyan dalilai, haɗe da yadda Faransawa ke ganin garin ya cika jingina da Kano. Birnin zaune yake a kan dutse, har gobe daga nesa ake janyo masa ruwan famfo.

Me baƙo zai gani? Ya fara da Birni: fadar Sarkin Damagaram, da masallacin da ke gefenta, da ragowar ganuwa, da lungunan da aka yi wa gidajensu zanen magina da zanko. Akwai gidan da ake nunawa a matsayin masaukin Heinrich Barth, Bajamushen da ya zauna garin daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853. Daga nan ya gangara Zango ya ga gidajen tsofaffin attajirai, ya leƙa wurin dukawa, ya shiga Kasuwar Dole, wadda ta fi cika ranar Alhamis.

Amma wanda ya tsaya a birni ya ga hula ne bai ga kai ba. Kimanin kilomita 18 gabas akwai Mirya, tsohon gari mai lambuna da manyan itatuwa, wanda ya shahara da ginin tukwane, kasuwarsa kuma Lahadi take ci. In aka ci gaba a hanyar Gure za a iske Gidimuni, inda tafki ke kwance tsakanin tuddan rairayi, ga dabino, ga kayan lambu. Kudu kuwa, wajen Matamaye da Kance da Magarya, ƙasar gyaɗa ce da rake da fadamu. Arewa, wajen Tanut, Damargu ke nan, rumbun geron da masu ayarin gishirin Bilma suka daɗe suna dogara da shi. A kan hanyar Tanut ɗin ne matatar mai ta Soraz take, wadda aka buɗe a 2011. Duk inda ka ga gari ya yi kauri a waɗannan wurare, duba da kyau, akwai tafki ko fadama ko rijiya mai albarka a kusa.

Ga 'yan shawarwari. Lokacin da ya fi daɗin tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a tafi da rigar sanyi da rawani saboda hazo. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma a lokacin ruwa ya fi wuya. Mai son ganin hawan dawaki ya daidaita tafiyarsa da salla. Daga Kano ana bi ta Daura da Kwangwalam a ɓulla Matamaye, ko ta Baɓura a ɓulla Magarya. Dokokin iyaka sun yi ta sauyawa tun daga 2023, don haka a tambayi direbobin tasha halin da ake ciki kafin a ɗaura niyya, a kuma riƙe fasfo ko takardar shaida mai inganci da katin rigakafin shawara. Tafiyar dare ba ta da amfani, kuma duk mai son wuce Tanut ko Gure ya fara neman shawarar hukuma.

Kuɗin ƙasar sefa ne, kuma da dala ake lissafi. Dala ɗaya tamma biyar ce, wato in mai tukwane ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi, jaka kuwa 1,000. Kada a ɗauki hoton soja ko jandarma ko barikinsu, a fada kuma a nemi izini wurin dogarai. A ƙauye a fara gaida mai gari kafin a shiga yawo. A riƙe ruwan sha a mota. In an sauka gidan mutane aka kawo bokitin wanka, a yi tattalinsa, domin wata yarinya ce ta yi sammako ta ɗauko shi a ka.

Hausa za ta kai ka ko'ina a jihar, ko da za ka ji Barbarci da Buzanci da Fulatanci a kasuwa. Matambayi ba ya ɓata, kuma tsofaffin da ke zaune a ƙofar fada da gindin itatuwan Mirya suna riƙe da labaran da ba su shiga littafi ba. A je da ladabi, a zauna a saurare su. Allah ya kai lafiya, ya dawo da kowa gida lafiya.