Sarkin da bai iya karatu ba da littafinsa mai hoto 1400

A ƙasar Indiya an yi wani babban sarki Musulmi mai suna Akbar. Ya hau gadon sarauta a shekara ta 1556, yana yaro ɗan shekara 13, ya yi mulki har 1605. To, ku ji abin mamaki: wannan sarki bai iya karatu ba. Amma yana son littafi ƙwarai. Kullum ana karanta masa, shi kuma yana sa alama inda mai karatu ya tsaya.

Ubansa, Humayun, ya zo da gwanayen zane biyu daga ƙasar Farisa, wato Iran ta yanzu. Sunansu Mir Sayyid Ali da Abdus Samad. Akbar ya sa su shugabancin masu zanen fada, Musulmi da mabiya addinin Hindu, duka aiki ɗaya.

Babban aikinsu shi ne littafin Hamzanama. Sunan Hamza, baffan Annabi (SAW), aka ɗora wa labarin, amma ku sani ba tarihi ba ne. Almara ce, cike da yaƙi da aljannu da dodanni. An zana hoto wajen 1400 bisa ƙyallen auduga, kowane ya fi rabin mita tsawo. Aikin ya ci shekara kamar 15. A bayan yawancin hotunan akwai takarda da aka rubuta labarin. Ana jin haka ake yi: a ɗaga hoto jama'a suna kallo, mai ba da labari yana karantawa ta baya. Wanda bai san baƙi ba, ido da kunne sun ishe shi. A ganina wannan dabara ta fi zinariyar da aka shafa a jikin hotunan.

Aikin na haƙuri ne. Ana niƙa wani shuɗin dutse na ƙasar Afganistan a sami launi. Abin zanen kuwa da gashin kurege ake yin sa. A littattafan da suka biyo baya, sau da yawa wani ke fitar da siffa, wani ya sa launi, wani lokaci na uku ya gyara fuskoki. Kowane mako ana kai wa sarki aikin ya duba, wanda ya yi kyau a ƙara masa albashi.

Daga hoto 1400, waɗanda suka saura ba su wuce 200 ba. Sun warwatsu cikin duniya. Wajen 60 suna ajiye a birnin Biyena, ƙasar Ostiriya.