Hoton Jinjirin Wata da Daren Hadari

Mu nan Madekali mun san yadda daren 29 ga Sha'aban yake idan ya faɗo cikin damina. A fito bakin kogin Kwara bayan magariba, kowa ya ɗaga kai yamma, sai a tarar hadari ya toshe ko'ina. Yanzu kuma samari sun ƙara da ɗaga waya, wai ko kyamara za ta kamo abin da ido ya kasa. To, wannan buri ba yau ya fara ba.

Tun 1840 wani likita a Amurka, John Draper, ya ɗauki hoton wata. Amma babban wata ne mai haske. Jinjiri shi ne mai wuya, domin yana kusa da rana, haskenta na haɗiye shi. A 1932 masanin taurari Bafaranshe André Danjon ya nuna cewa in tazararsa da rana ba ta kai wajen digiri 7 ba, ido ba zai gan shi ba, ko da sama ta yi tas.

Kyamara ce ta ƙetare wannan iyaka. Ranar 8 ga Yulin 2013, Thierry Legault ya ɗauki hoton jinjirin Ramadan a kusa da Paris, daidai lokacin haihuwarsa, da hantsi, tazarar digiri 4 da 'yan kai. Sai dai a lura: babu gajimare a gabansa, kuma na'urarsa ba irin wayoyinmu ba ce. Hadari mai kauri har yau ba kyamarar da ke huda shi daga ƙasa. Shekarar ma Musulmin Faransa sun shiga ruɗani: majalisarsu ta sa 9 ga wata bisa lissafi, Babban Masallacin Paris ya ce sai 10, daga baya majalisar ta dawo kan 10 ɗin.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da raba wannan gardama. Wata yana tabbata da shaidar adilai biyu ko ganin jama'a mai yawa. In sama ta rufe, a cika talatin, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarta. Abin da ke damunmu shi ne hotunan da ke yawo a WhatsApp cikin daren shakka, ba a san wanda ya ɗauka ba, balle garin ko shekarar. Ga mu tsakanin Gaya a ƙetaren kogi da Najeriya a gabas, labari na shigowa ta kowace kusurwa. Wanda duk ya ce ya gani, ya zo gaban liman da kansa, a tambaye shi inda ya tsaya da wanda ke tare da shi.