Bindigar Bulfof: Tarihin Ƙirarta Da Matsalar Cijewarta

Duk wanda ya san Potiskum ya san ta da abu biyu, kasuwar shanu ta ranar Laraba da kuma tirelolin da ke kwaso dabbobi zuwa Legas da sauran garuruwan kudu. Garin kuma ya san ƙarar bindiga. A daren Laraba 2 ga Mayu 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanun, suka kashe mutum fiye da talatin. Tun daga waɗancan shekaru na rikicin Boko Haram maharba da 'yan banga suka shiga cikin harkar tsaron garuruwan Yobe, kuma abin da aka saba gani a kafaɗarsu shi ne bindigar toka, da mai baki ɗaya, da mai baki biyu, sai kuma fam-akshan, wadda ake jan mariƙinta baya a tura gaba kafin kowane harbi.

To yanzu akwai wata ƙira da hotunanta ke yawo a Facebook da TikTok, gajeriya, dunƙulalliya, kamar ta fim. Sunanta bulfof. Masu tallarta suna cewa ita ce bindigar zamani. Tarihinta dai bai goyi bayansu sosai ba.

Mece ce bulfof?

Ba sunan kamfani ba ne, tsarin ƙira ne. A bindigar da muka saba, kunama tana ƙarƙashin injin da ke loda harsashi, sai gindin katako ya miƙe zuwa kafaɗa. A bulfof an ɗauke injin an mayar da shi bayan kunama, cikin gindin kansa. Wato wurin da a da katako ne zalla, yanzu shi ke ɗauke da aikin. Amfanin haka ɗaya ne: bututun yana nan da tsawonsa, amma bindigar ta gajarta. Fam-akshan mai bututu santimita 47 takan kusa mita guda a tsayi. Kel-Tec KSG mai bututu irin wannan santimita 66 ce kacal. Ga mai fitowa daga mota ko mai shiga lungu, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

A bindigogin sojoji tsarin ya samu karɓuwa. Ostiriya ta ɗauki Steyr AUG a ƙarshen shekarun 1970, Faransa ta ɗauki FAMAS, Isra'ila ta yi Tavor. A shotgan ne, wato bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma, labarin ya yi ta tuntuɓe.

Daga motar 'yan sanda zuwa wasan gem

Wani sajan ɗin 'yan sanda a Santa Monica ta Amurka, Alfred Crouch, shi ya fara tunanin a ƙarshen shekarun 1950. Yana son bindigar da ɗan sanda zai iya riƙewa da hannu ɗaya, ko da daga cikin motar sintiri. Kamfanin High Standard ya karɓi ƙirar, ya fitar da Model 10A a 1967 da tocila a jikinta, sannan 10B a 1970. Gindinta yana juyawa don a tokare shi a dantse. Wasu rundunonin 'yan sanda sun saya da ɗoki, ba a jima ba suka jingine ta. Bindigar tana loda kanta ne da ƙarfin iskar albarushi, saboda haka in ba harsashi mai ƙarfi aka sa mata ba sai ta cije. Ga kuma gargaɗin da kamfanin ya rubuta ɓaro-ɓaro a jikinta, cewa kada a harba ta daga kafaɗar hagu, don kwanson harsashi zai fito ne daidai fuskar mai harbi. Bahago ya shiga uku kenan. Kafin shekarun 1970 su ƙare an daina ƙera ta.

Mossberg ya gwada nasa a shekarun 1980, ya zuba tsohuwar 500 ɗinsa cikin gangar roba, bai daɗe a kasuwa ba. Sai Pancor Jackhammer ta John Andersen, mai ganga mai ɗaukar harsashi 10. Wannan kam gwaji kawai aka yi, 'yan ƙwaya aka ƙera, babu rundunar da ta saya. Amma ku tambayi yaran da ke buga gem, sun san ta sarai. A kwamfuta ta yi suna, ba a fagen daga ba.

Abin da ya sauya tafiyar daga Afirka ya fito. A Afirka ta Kudu, Tony Neophytou da Wilmore Stead suka zana Neostead a farkon shekarun 1990, kamfanin Truvelo ya fara ƙera ta a 2001. Ta zo da gidajen harsashi biyu a saman bututu, kowane na ɗaukar shida, da ɗan maɓalli na zaɓar wanda za a ciro daga ciki. Ɗan sanda zai iya zuba na roba a gefe guda, na dalma a ɗaya gefen. Sai dai an juya mata aikin hannu: gaba ake fara turawa sannan a jawo baya, akasin abin da hannun kowa ya saba. Ba ta yi kasuwa ba, amma dabarar gida biyu ta rayu. Ita Kel-Tec ya ɗauko a KSG ta 2011, mai ɗaukar bakwai-bakwai, wadda ke zubar da kwanso ta ƙasa don bahago ma ya samu sauƙi. Ita ce kuma a UTS-15 ta kamfanin UTAS na Turkiyya, wadda fitowarta ta farko ta sha suka kan cijewa har sai da aka yi ta gyara. A 2018 IWI ta Isra'ila ta fito da Tavor TS12 mai gidaje uku masu juyawa. Smith & Wesson ya shigo a 2021 da M&P12, kuma a shekarar ya kira ta a dawo da ita saboda an samu bututun da ya tsage.

Me ya sa take cijewa?

Tushen matsalar harsashin ne. Na AK ƙarfe ne mai tsini, yana sulalewa cikin bututu. Katirij na shotgan kuwa roba ne, bakinsa a daƙushe, gindinsa da leɓe, ƙarfinsa kuma ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ɗaga irin wannan abu a saita shi a cusa yana son hanya madaidaiciya mai faɗi. Bulfof kuma ta matse hanyar, ta ƙara mata kwana. In aka ƙara gida na biyu da maɓallin zaɓi, an ƙara wuraren da abu zai iya lalacewa.

Na biyu hannun mai harbi ne. Irin su KSG suna son a ja mariƙi da ƙarfi har ƙarshe. Mutum a firgice yakan ja rabi ya tura, sai ko dai a ji ƙyas ba harsashi, ko kwanso ya maƙale. Wannan yana faruwa a tsohuwar fam-akshan ma, bambancin shi ne a can ƙofar tana gaban idonka, ka karkata ta ka ga abin da ya sarƙe ka cire da yatsa. A bulfof ƙofar tana can ƙarƙashin kumatu ko kusa da hammata. Sai ka sauke ta, ka kifar, ka laluba. Gajeren jikin kuma yana kawo hannun hagu dab da bakin bindiga, zamewa kaɗan ya isa ya raba mutum da yatsu. Kunamar ma takan yi nauyi, don doguwar sanda ce ke haɗa ta da injin da ke baya.

Yanzu ku ɗora wannan a kan ƙurar hunturu ta Yobe da zafin bazara da ke lanƙwasa robar katirij in ta daɗe a matse. Maƙerin da ke gyara mai baki biyu a Potiskum zai iya ƙera mata ƙusa ko sifirin da hannunsa. Ɗan guntun robar da ya karye a cikin bulfof sai dai a jira daga ƙasar waje. Ba mamaki sojojin Amurka, da duk kuɗinsu, suka tsaya kan Mossberg 590 da Benelli M4, duka masu tsohon tsari.

Abin da doka ta ce

Wannan ya fi shafar mu mazauna kudu, don ta tashoshin ruwan da ke kusa da mu ake shigo da kayan. A 2017 kaɗai kwastam sun kama fam-akshan 2,671 a Legas, a kamu huɗu, ciki har da guda 1,100 da aka samu a kwantena daga Turkiyya a Tin Can cikin watan Satumba. A 2024 kuma aka kama bindigogi 844 a tashar Onne ta jihar Ribas.

Dokar makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Ta toka, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinta. Mai baki ɗaya da mai baki biyu suna hannun Sufeto Janar. Shotgan mai loda kanta ko mai injin sake lodi kuwa an cire ta daga wannan rukuni, ta faɗa cikin haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Duk bulfof ɗin da aka ambata a sama tana nan ciki. Hukuncin wanda aka kama da haramtacciyar bindiga ba izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne, ko ta taɓa tashi ko ba ta taɓa ba.